Kafin a Kai ga Likitan Dabbobi

Idan saniya ta faɗi ta kasa tashi, ko akuya ta kumbura har ido ya fara juyewa, Bahaushe ya san abin yi. Ba ya neman lambar wayar kowa. Wuƙa yake nema, a yi bisimilla kafin ta zama mushe, a tsira da nama ko da an yi asarar kuɗi. Wannan ce tsohuwar hanyarmu ta gaggawa, kuma ta daɗe tana biya mana bukata, domin yawancin abin da muke kiwo abin ci ne. Inda gizo ke saƙa shi ne kan dabbar da wuƙa ba ta da amfani a kanta: karen gadi, kyanwar ɗaki, dokin da ake ji da shi, akun da ya daɗe a tsakar gida har ya haddace sunayen yara. A nan ne za ka ga mutum mai hankali ya tsaya sororo, ko ya shiga ɗura wa dabba duk abin da maƙwabci ya ambata, ko ya juya baya ya ce a bar wa Allah.

Irin waɗannan dabbobi kuwa ƙaruwa suke yi a garuruwanmu. Rashin tsaro ya sa gidaje da gonaki da yawa a Kaduna da Abuja da Kano sun ajiye manyan karnuka 'yan asalin ƙasashen waje, irin su Alseshan na Jamus da Bowabol na Afirka ta Kudu, waɗanda kwikwiyonsu ɗaya yakan kai kuɗin rago. 'Yan mata suna sayen kyanwar Farisa mai yalwar gashi. Samari suna ajiye doki don kilisa da hawan salla. Mafarauci kuwa tun can karensa ne jarinsa. Sai ragon layya da aka saya tun yana ƙarami, yara suka raɗa masa suna. Shi kam wuƙa ce ƙarshensa, amma babu mai son ta zo kafin ranarta.

Tsarin kula da lafiyar dabbobi da muka gada ba don waɗannan aka gina shi ba. Don garke aka gina shi. Abin da ya dami Turawan mulki shi ne shanu, saboda jangali da fata da ƙirgi, abin da ya dami shanu kuma shi ne bushiya da ciwon huhu da harbin daji. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Filato, wadda aka kafa a 1924, da yaƙi da bushiya ta soma. A 1962 aka fara babban gangamin allura na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, kuma duk da cutar ta sake ɓarkewa a farkon shekarun 1980, a 2011 an sanar da kawar da ita daga doron ƙasa baki ɗaya. Babban aiki ne, babu mai raina shi. Amma dubi irin ma'aikacin da ya samar: malamin dabbobi mai sirinji da akwatin ƙanƙara, wanda zai yi wa garke guda allura kafin azahar. Ba a tanade shi don muzuru ɗaya da ya kasa fitsari da ƙarfe 2 na dare ba. Ko Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya da aka ƙirƙiro a 2024, nama da madara da rikicin makiyaya ne a gabanta, kuma ya dace su kasance a gabanta.

Ba wai babu ƙwararru ba ne. Akwai asibitocin koyarwa na tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Makurɗi da Abuja, akwai na gwamnatocin jihohi, akwai kuma masu zaman kansu a manyan birane. Sai dai yawancinsu da lokacin ofis suke aiki, ciwo kuwa ba ya duba agogo. A Ingila, hukumar da ke ba likitocin dabbobi lasisi ta wajabta wa duk mai aikin asibiti ya tanadi hanyar ba da agajin farko da rage raɗaɗi dare da rana. In ba zai iya da kansa ba, to ya ƙulla yarjejeniya da wani asibitin da zai karɓi marasa lafiyarsa. Tun 1917 wata mata mai suna Maria Dickin ta buɗe wurin duba dabbobin talakawa kyauta a gabashin Landan, ƙungiyar da ta kafa, PDSA, tana nan har yau. A Suwidin kuma tun 1924 aka fara yi wa kare inshora. Ba na kawo wannan don a ce mu kwaikwayi komai nasu. Mu da ba mu gama da asibitin mutane ba. Abu ɗaya ne a ciki wanda ba ya cin kuɗi: likitocin gari ɗaya su raba dare a tsakaninsu, a san wanda ke bakin aiki yau, a buga lambarsa a ƙofar kowane asibiti. Wannan kuwa, reshen ƙungiyar likitocin dabbobi na kowace jiha zai iya shirya shi a zama ɗaya.

Kafin a yi hakan, sa'ar farko a hannun mai dabba take. A ganina kuma a wannan sa'ar ake rasa yawancin dabbobin da za a iya ceto, ba a kan teburin likita ba. Abu biyu ke kashe su: jinkiri, da taimakon da aka yi ba da sani ba.

Jinkirin yana da dalili. Dabba ba ta faɗin inda ke mata ciwo, kyanwa ma ɓoye nata take yi, ta shige ƙarƙashin gado ta yi shiru. Don haka sai mutum ya san inda zai duba. Ɗaga leɓen kare ko kyanwa ka dubi dasashi. Mai lafiya ja-ja ne mai haske da danshi, in ka danna da yatsa ya yi fari, launin yakan dawo kafin daƙiƙa 2. In ka ga ya yi fari fat, jini na zuba a wani wuri ko kaska ta sa cutar da ke fasa ƙwayoyin jini. In ya yi shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa, iska ba ta isa jiki. Kare yana haki don ya sha iska, wannan ɗabi'arsa ce. Amma kyanwar da ta buɗe baki tana numfashi ba ta jiran gobe. Haka dabbar da ta shiga jijjiga ta wuce minti 5, ko ta farfaɗo ta sake komawa. Haka karyar da ke naƙuda, ta yi rabin sa'a tana yunƙuri mai ƙarfi babu ɗa, ko aka ga koren ruwa ya fito alhali ba ta haifi ko ɗaya ba.

Akwai wasu da suka fi yaudara, domin da farko ba sa kama da abin tsoro. Muzuru ya riƙa zuwa wurin fitsari yana tsugunawa, yana kuka, yana lasar gabansa, babu abin da ke fita sai ɗigo. Masu shi sukan ce bayan gida ne ya ƙi fita. Ba shi ba ne. Hanyar fitsarin namijin kyanwa siririya ce ƙwarai, tsakuwa ko dunƙulen majina kan toshe ta. Mafitsara ta cika ta yi tauri, ƙoda ta daina tace jini, sinadarin fotasiyam ya taru har ya tsayar da zuciya. Kwana 2 zuwa 3 sun isa. Alhali in an kai shi da wuri, allurar barci ce da siririyar roba da ƙarin ruwa.

Ragon turka ma yana gamuwa da irin wannan, kuma mu ke jawo masa. Muna ɗirka masa dusa da hatsi don ya yi ƙiba kafin salla, muna rage masa harawa, ruwa ma sai an tuna. Dusa tana da yawan sinadarin da ke haɗa tsakuwa a mafitsara. Sai ka ga rago yana miƙa, yana kaɗa wutsiya, yana cizon haƙora, yana nishi. Sau da yawa tsakuwar a ɗan siririn tsinin da ke ƙarshen gabansa take maƙalewa, likita yakan yanke shi cikin 'yan mintuna fitsari ya ɓalle. In aka bari har mafitsara ta fashe, ragon zai yi kamar ya sami sauƙi na ɗan lokaci, cikinsa na cika da fitsari. A lokacin ko an yanka, naman ya ɓaci da zarni. Ko wuƙar ma fa tana da sharaɗi. Dabbar da aka yi wa allurai jiya, akwai kwanakin da ake jira kafin a ci namanta, a rubuce suke a jikin kwalbar. Wadda kuma ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura, ba a yanka ta, ba a feɗe ta, don alamar ciwon saifa ce mai kama mutum. A Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja.

Manyan karnuka masu zurfin ƙirji suna da tasu masifar. Kare ya cika ciki da abinci da ruwa a zama ɗaya, ya yi ta guje-guje, sai tumbinsa ya cika da iska ya juye a kan kansa, kamar salkar da aka murɗe bakinta da gindinta. Babu abin da ke shiga, babu abin da ke fita, jijiyoyin jini sun shaƙe. Za ka ga yana kakarin amai ba ya fitar da komai sai kumfa, cikinsa ya ɗaure, ya kasa zama ya kasa kwanciya. Wannan da sa'o'i ake lissafa shi, kuma tiyata ce kaɗai maganinsa. Duk wanda ya sayi irin wannan kare bai san asibitin da ke iya buɗe ciki cikin dare ba, bai gama sayensa ba.

Doki kuwa babban abin tsoronsa ciwon ciki. Halittarsa ba ta ba shi damar yin amai, hanjinsa dogo ne mai lanƙwasa da yawa, ga shi ba ya jure canjin abinci na ba-zata. A ƙara masa dawa saboda hawa ya gabato, ko ya sha wuya a rana a bar shi babu isasshen ruwa, ko ya riƙa cin abinci a kan yashi, sai ciwo ya tashi. Zai riƙa tonon ƙasa, yana waiwayen kwiɓinsa, yana kwanciya yana tashi, yana birgima, gumi na zuba. Mutanen barga sun san wannan tun kaka da kakanni, kuma da yawa daga ciwon cikin yana lafawa da ɗan zagayawa da janye abinci. Haɗarin yana wurin ɗure. A ɗaga kan doki sama a tuttula masa tsimi ko mai ta baki, wasu ma ta hanci, rabi ya tafi huhu. Dokin da zai warke daga ciwon ciki sai ciwon huhu ya kashe shi bayan kwanaki. Likita da roba yake zura wa ta hanci har cikin tumbi, ya tabbatar da inda ta shiga kafin ya zuba komai. Zuciyar doki mai hutawa takan buga tsakanin 28 da 44 a minti. In ta haura 60, an wuce batun dabarar gida.

Wannan ya kawo mu kan abu na biyu, wanda ya fi ba da takaici, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Kowane likitan dabbobi ya san wannan hira:

"Likita, tun shekaranjiya dai ba ta cin abinci."

"Hajiya, me aka ba ta?"

"Wallahi ba a ba ta komai ba." Sai an ɗan matsa sannan a ce, "Sai dai Panadol guda ɗaya da yarinya ta jiƙa mata."

Ƙwayar farasitamol ɗaya mai nauyin miligiram 500 tana iya kashe kyanwa. Hantarta ba ta da isasshiyar hanyar sarrafa maganin, sai ya koma guba da ke hana jini ɗaukar iska: dasashi ya yi ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya. Akwai makarinsa, amma sai an faɗi gaskiya da wuri. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da daikulofenak kuma suna huda cikin kare, suna lalata masa ƙoda. Ko abin da ke cikin kwanonmu ba duka ne nasu ba. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, dafaffu ko ɗanyu, ga shi ragowar miya muke zuba musu. Goro ma, wanda ba ya raba aljihun dattijo, yana ɗauke da irin sinadaran da suka sa cakulan ya zama guba ga kare.

Sai maganin kaska. Mutum ya ga kaska ta cika kunnen karensa, ya ɗauko fiya-fiya ko Sniper ya zuba a ruwa ya yi masa wanka. Sinadarin DDVP da ke cikinsu ta fata yake shiga, kare kuma yana lasar jikinsa. Ba a jima ba sai dalala da hawaye da zawo da karkarwa, baƙin ido ya tsuke, huhu ya cika da ruwa. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wannan guba saboda yadda mutane ke halaka da ita, amma har yau ba ta da wuyar samu. Abin da za a yi a gida ɗaya ne: a sa leda ko safar roba a hannu, a wanke dabbar da sabulu da ruwa mai yawa, a nufi asibiti. Allurar atrofin ce makarin, kuma ba tsada gare ta ba. Wani maganin ƙuma da aka yi don kare ma yana jefa kyanwa cikin jijjiga in an shafa mata. Shafa baƙin mai ga mai ƙazuwa kuwa ƙarin ciwo ne a kan ciwo.

Idan aka ce dabba ta ci guba, abin da hannu ke fara kaiwa gare shi manja ne da madara, wani ya ce a ba da ruwan gishiri ta yi amai. Duk ukun suna iya ƙara dagula al'amari. Guba irin ta fiya-fiya a mai take narkewa, manja na iya taimaka mata shiga jiki. Dabbar da ta galabaita ba ta haɗiya daidai, abin da aka ɗura mata huhu yake tafiya. Gishiri mai yawa shi kansa guba ne ga ƙwaƙwalwa. In kuwa kananzir ko fetur ko soda ta sha, amai ƙona maƙogwaro zai sake yi a karo na biyu. Sa amai yana da amfani a wasu gubobin cikin sa'o'i 2 na farko, amma likita ne zai ce wanne.

Shinkafar ɓera ma ba iri ɗaya ba ce, shi ya sa ɗaukar ledar ko kwalin zuwa asibiti ya fi dogon bayani. Wani irin yana hana jini daskarewa. Kare zai ci yau, ya wuni garau, gobe garau, mai shi ya ce ya tsira; sai bayan kwana 3 zuwa 5 jini ya fara zuba a cikin ƙirji da ciki. Bitamin K1 ne maganinsa, ana ba da shi makonni, kuma in an fara da wuri dabba takan tashi. Wani irin kuma, da ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake da masara don kashe ƙwari, iska mai guba suke saki a cikin ciki. Ba su da makari, kuma aman dabbar na iya illata wanda ya shaƙa a ɗaki ko mota mai rufaffen gilashi.

Ba zan tsallake mai kemis da yaron shagon magungunan dabbobi ba. Da yawansu suna taimako a inda babu likita, wannan gaskiya ne. Amma allurar sammore irin su Berenil, wadda saniya ke ɗauka lafiya, ita ce kuma ake yi wa karen da kaska ta sa wa cuta, ga shi a jikin kare tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce. A yi awo da ido, ko a maimaita washegari don "bai warware ba", sai ta taɓa ƙwaƙwalwa, kare ya sandare yana juya ido. Auna nauyin dabba kafin allura ba iyayi ba ne.

Wasu abubuwan a taƙaice za a faɗe su. Kwikwiyon da ya kama amai da zawon jini mai ƙarni, mai yiwuwa cutar farbo ce, wadda aka gano a duniya a 1978. Babu allurar da ke kashe ƙwayar; rashin ruwa ne ke kisa, ƙarin ruwa ta jijiya ne ke ceto. In an bar su gida yawancinsu mutuwa suke, in an kwantar da su asibiti yawancinsu tashi suke. Ƙwayar tana wata da watanni a ƙasar gida, amma bilic na kashe ta, riga-kafinta kuma daga mako 6 zuwa 8 da haihuwa ake farawa, a maimaita har mako 16. Zafin bazara kuwa, a Sakkwato ko Maiduguri inda ma'auni ke haura 40 a watan Afrilu, karen da aka halitta don ƙasar sanyi aka kulle shi a kejin kwano ba ya bukatar wata cuta. Zafin jikin kare tsakanin 38 da 39 yake. In ya kai 41, kayan ciki sun fara lalacewa. A nan ana fara magani kafin a tafi: a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa, a yi masa fifita, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, sannan a kama hanya.

Karen da mota ta buge, ka tuna raɗaɗi na sa kare ya ciji ubangidansa. A ɗaure bakin da ƙyalle a matsayin takunkumi, sai fa in yana amai ko numfashi na yi masa wuya. A danne inda jini ke zuba da tsabtataccen zane, kada a zuba toka ko ƙasa, a ɗora shi a kan katako ko bargo a ɗauka. Kyanwa a kwali ko kwando mai murfi ake sa ta, ba a rungume ba. Ko dabbar ta tashi tana tafiya a kai ta, don fashewar saifa ko mafitsara ba ta nunawa a waje. Gamsheƙa in ta tofa wa kare dafi a ido, ruwa mai yawa ne agajin farko, a yi ta wankewa. Saran kububuwa ko kasa kuwa, ba tsaga, ba ɗauri, a hana shi motsi a tafi. Gaskiyar magana, maganin dafin maciji ko a Kaltungo inda asibitin masu saran maciji yake, nemansa ake don mutane, ba kowane kare ne zai samu ba; amma ƙarin ruwa da kashe raɗaɗi da kula da rauni suna tsirar da wasu.

Abin da likita ke yi in an isa yakan ba masu dabba mamaki, har su ji kamar ana ɓata lokaci. Ba ya fara da karayar da kowa ke kallo. Numfashi yake fara dubawa, sai zuciya da jini, ya sa ruwa, ya kashe zafi, in akwai oksijin ya sa. Ƙashi zai iya jira har gobe. Ana yi wa kare ƙarin jini daga wani karen lafiyayye. Kyanwa kuwa sai an gwada rukunin jininta tun a karon farko, don jinin da bai dace ba na iya kashe ta nan take. Duk wannan yana bukatar wuta da firji da ma'aikaci mai kwana, shi ya sa yake da tsada a ko'ina a duniya. Kira kafin ka taso yana da amfani: a faɗa maka ko a zo, ko a wuce wani wurin da ke da kayan tiyata, kada ka ƙone sa'a guda a adaidaita sahu zuwa ƙofar da ke kulle.

Maganar kuɗi kuma a yi ta a fili tun farko. Ba abin kunya ba ne magidanci ya ce, "Likita, ga iya abin da zan iya." Likitan kirki zai faɗa masa abin da wannan kuɗin zai yi da abin da ba zai yi ba. Ba na ganin laifin wanda ya zaɓi kuɗin makarantar 'ya'yansa a kan tiyatar kare. Laifin da nake gani shi ne a ja dabbar a jefar bayan gari, ko a bar ta ɗaure tana nishi kwana da kwanaki. Akwai allurar da ke sa dabba barci ta wuce babu wahala, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun halatta a hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an yanke ƙauna daga tashinta. Ƙyamar kare ma da ke sa wani ya kasa ɗaukar nasa zuwa asibiti ta wuce abin da mazhabar ta ce, domin a wurin Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, yara ma sun san su. Wanda ya ɗaure dabba a gidansa ya ɗauki nauyinta.

Akwai gaggawa ɗaya da ba ta tsaya kan dabba ba. Kowa ya san mahaukacin kare mai bin mutane da cizo. Wanda ba a sani ba shi ne ɗaya nau'in, mai shiru: kare ya lafe, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na zuba, ya kasa haɗiya. Mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin baki yana lalube. Haka ake yi wa saniya da akuya ma. In akwai ƙwarzane a hannun, cutar ta sami ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa bayan kare ya cije shi, an san cewa tsakanin cizo da bayyanar cuta akwai damar tsira.

Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a duba agogo, sannan a tafi asibitin mutane a ranar don fara jerin allurai. Ba a jiran a ga abin da zai faru da karen. Shi kuma karen, in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a kulle shi a sa ido kwana 10. In ya wuce su lafiya, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Abin da aka saba kuwa shi ne matasan unguwa su bi shi da sanduna su farfasa kan, su jefar a kwata, alhali ƙwaƙwalwar ce ake gwadawa. In dole ta sa an kashe, a bar kan yadda yake, kada a taɓa da hannu tsirara, a kira likitan dabbobi ya aika da shi ɗakin gwaji irin na Vom. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki riga-kafi, cutar takan daina yawo a cikinsu, shi ya sa ake gangamin allura a wurare da yawa kowace 28 ga Satumba. Ana fara yi wa kwikwiyo daga wata 3 da haihuwa, a riƙa sabuntawa, kyanwa ma ana yi mata, kuma ana ba da kati. Katin nan yana cikin abin da za a fara tambayarka ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci.